Kujerar tausa da Kwatanon da ban je ba

Salamu alaikum ƴan uwa. Masu cewa Hajiya Rabi mai atamfa ta ɓata a Kwatano, ga ni. Ban je ko'ina ba. Duk watannin nan ina ɗakina a nan Gaya, bayana ya ƙi ɗaukata.

Abin ya fara da ɗan tsami a kwankwaso. Wadda ta tsufa tana ɗaga dilar atamfa ba ta ɗaukar wannan a bakin komi. Na shafa man zafi na ci gaba da ciniki.

Sai ya gangara ƙafar hagu, kamar an zura mini waya mai wuta har ɗan yatsa.

Maimakon likita, sai na tuna wani mai kayan kwatano, wato na hannu, a Malanbil, tsallaken kogi, da na taɓa gani da kujerun tausa. Na shiga jirgin ruwa na tsallaka, ina cije leɓe.

Na gwada ƙarama, mai araha. Tana ɗumama baya, tana murzawa a hankali. Na gwada babba, baƙa, mai duka kamar taɓarya. Har hawaye na yi.

Mai kayan ya ce, "Hajiyata, ƙaramar nan ta masu zaman biro ce, ƴan ofis. Ke da kika ɗauki dila, sai mai duka."

Ai ko bai faɗa ba. An raine mu a kan maganin da ba ɗaci ruwa ne, tausar da ba ta sa ka ƙara ba shafa ce. Na taya, na yi fushin ƙarya, na kama hanya ya kira ni. Na tsallako da babbar ina jin na ci kasuwa.

Safe da yamma nake hawa, a lamba ta ƙarshe. In ta yi zafi sai in ce ciwon ne ke fita.

Wata safiya na tashi daga alwala, ƙafar ta ce ba ta san ni ba. Na zube kusa da randa. Mijina ya daɗe da rasuwa, ɗiyata Nana na aure a Yamai. Ina kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa har rana ta iso ni, kafin ƙanena Sani ya zo karɓar makullin rumfa.

Aka yi radiyo, hoton ƙashi, a nan, aka tura ni Dosso, daga can Yamai don sikane. Kuɗin hoton nan kaɗai ya cinye ribar dila. Aka tura ni cikin inji kamar gawa, aka ce kar in motsa.

Lokotoro ya ce, "Hajiya, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayanki ya zame, yana danne jijiya. Ke kuma kika sa inji ya daka shi." Ya ce in magani bai yi ba, sai aikin tiyata.

Na ji tsoro. Na ce a raina, to Rabi, kujera ta gaba mai taya ce.

Nana ta ce, "Inna, ki zauna wurina." Jinya a gidan suruki? Yana wucewa ina nishi? Na ce a mai da ni gida.

Kun san kasuwa. Ranar da aka ji kin kwanta, masu sarinki na Bengu da Yelu sun koma rumfar maƙwabciya. Sai na ce wa Sani, duk mai tambaya, na tafi Kwatano saro kaya.

Dabarar ta yi. Ta yi har ta wuce gona da iri, don wanda ya tafi Kwatano ba a zuwa dubiyarsa.

Ƙwayoyi, ɗamarar baya, motsa ƙafa yadda kine, mai gashin ƙashi na asibiti, ya koya mini. Ina jin mata na wucewa bayan katanga za su suna, ina gane muryar kowace. Ba mai sallama. Ni da baƙar kujera muke kallon juna. Ranar da na dafa bango na kai ƙofar gida da ƙafata, na juya in gaya wa wani, ba kowa sai kaji.

Da na fara miƙewa, kine ya ce ɗumi da murza mai sauƙi ba laifi, kaɗan kaɗan. Na aiki Sani ya mayar da babbar a ba shi ƙaramar. Mai kaya ya cuce ni a musayar, na bar shi da Allah.

A amalanke aka shigo da ita unguwa, rana tsaka. Ƙawata Biba, maƙwabciyar rumfata da nake wa ɓoyo, ta biyo amalanken. Tana cewa, "Kai Sani, wa zai hau kujera mai gida na Kwatano?"

Ta ɗaga labule ta gan ni, na rame, da ɗamara.

Ta saki labulen. Sannan ta ce, "Rabi, ashe ke muguwa ce? Ciwon naki ne, amma ladan dubiya namu ne. Kin hana mu." Ta zauna a ƙasa tana kuka tana zagina.

Alhamdu lillahi, ba a yi aikin ba. Ina tafiya, na koma rumfa, sai dai dila ni da ita har abada. Na gode wa Allah, da Nana, da Sani da ya sha ƙarya a madadina.

Mai son kujerar tausa, ji daga wadda ta biya. Ka fara ganin likita, musamman in ciwon ya sauka ƙafa. Ka zauna a kanta kafin ka taya, in ta sa ka cije baki ka sauka. Nemi wadda ake rage mata ƙarfi, mai ɗumi. Tambayi kuran, wato lantarkin da take ci, ka haɗa ta da regilatar mai daidaita wuta, kun san wutar garinmu. Girma ba shi ne magani ba.

Kuma in kun kwanta, ku faɗa.

Yanzu bayan la'asar tsakar gidana cike yake, mata na jiran layi. Na san rabinsu kujerar suka zo wa, ba ni ba. Ban damu ba. Ƴar kasuwa ba ta tambayar abin da ya kawo mutum rumfarta. In wuta ta ɗauke dai ina lura da masu zama. Biba kam ba ta tashi, da wuta ko babu.