Ranar Da Na Yi Wa Yaya Nasir Bagamon

Ranar wata Juma'a ce a watan Yulin 2016, bayan an sauko daga masallaci, Yaya Nasir ya ɗaga allon tawula ya rafka mini a goshi. Ina da shekara goma sha ɗaya, shi sha biyar. Na ji ɗumi yana bin fuskata, na shafa, sai ga hannuna jawur.

A wani ɗan fulat muke a unguwar Al Muraqqabat, can ƙasar Larabawa, mu shida a ɗaki biyu. Lokacin zafi ba mai leƙa waje, don haka in na gama wanke-wanke da shanya a baranda, sai wasa. Allon kuwa wani tsoho ɗan Siriya maƙwabcinmu ne ya ba mu, shi ya koya mana jefa dayis irin na lido da tura 'ya'ya goma sha biyar zuwa gida. Shi tawula yake cewa, wato tebur, amma a jikin kwalin an rubuta backgammon. Malamar Turancinmu ta ce mini kalmomi biyu ne na tsohon Turanci, baya da wasa, wataƙila don ɗan da aka buge yakan koma baya ya sake farawa. Tsohon ya ƙara mana da cewa sunan mafi munin kaye ne kuma: ka kwashe naka duka, abokin wasanka bai fitar da ko ɗaya ba, ga wani nasa maƙale a gidanka. Mu muka mayar da ita bagamon. Wanda ya faɗi jarrabawa an yi masa bagamon, haka wanda ya tarar an cinye shinkafa.

Yaya mai zuciya ne kamar garwashi. Sau biyu ana kiran Baba makaranta saboda dambe, har Baba ya rantse a gabanmu: "Ka ƙara taɓa wani, wallahi Kano za ka koma, khalas, shi ke nan." Na ji da kunnena. Amma ni ma ba kanwar lasa ba ce, bakina ya fi ƙarfina.

Ranar abokansa biyu suna zaune ina lallasa shi a tawula. Da na ɗauke ɗana na ƙarshe sai na miƙe ina rawa ina rangaɗa guɗa, ina "bagamon, bagamon!" Abokan suka fashe da dariya. Ya kwaɗa mini mari, na cafki hannunsa na gartsa masa cizo har na ji gishirin jini, shi kuma ya rarumi allon. Umma ta fito daga kicin tana salati. Baba ya shigo bai ko cire babbar riga ba, ya zare bel ya hau Yaya da duka, ta ko'ina, har ƙarfen ya fasa masa leɓe. Yaya bai yi kuka ba, ni yake kallo.

Ɗinki huɗu aka yi mini. Na roƙi Baba, na ce ni na tsokane shi, ya ce ya riga ya rantse. Kafin hutu ya ƙare an sa Yaya a jirgi zuwa wurin kawunmu a Kano.

Yanzu na girma, shi ma har ya yi iyali. Muna gaisawa ta waya cikin ladabi kamar surukai, ba zagi ba tsokana, kuma zagin nan nasa nake kewa. Da na sani, da na bar shi ya fitar da ko ɗa guda.