Baltasar da Tsohuwarsa Mai Bindiga

Ximena 'yar ƙanwata ce ke rubuta min wannan, don ni Eduvigis ban taɓa zama a aji ba. Rubuta yadda na faɗa, 'yar nan, kar ki gyara min baki.

Ranar Talata, huɗu ga Yuni, ana ruwa, Yasna ta sauko daga bene ta ce min mijinta Baltasar ya rasu a asibiti. Zuciya ce. Shekararsa talatin da shida. Ina soya masa burodin kabewa a lokacin, don ba ya yarda a yi ruwa bai ci ba.

Baltasar, shekara bakwai kana zaune a saman ɗakina. Matakala ɗari da sha biyu ne daga titi zuwa ƙofarmu, kuma tun da ka zo ban sake ɗaukar tukunyar gas ba. Kai ka gyara min rufi. Kai ka kai ni aka cire min yanar ido, kana ce wa likita ni budurwarka ce.

Wata rana muna shayin yamma na ba ka labarin bindigar mijina Nemesio. Ina amarya a ƙauye na ɗauke ta zan harbi zomo, ta yi jifa da ni ta baya cikin kwamin aladu. Ka yi dariya har shayi ya sarƙe ka. Bayan wata biyu ka sauko da kwamfuta, ka nuna min wasan da ka ƙirƙira a ciki, sai ga tsohuwa a allon da gyalena da bindiga.

Na ce, "Kai, marar kunya, wannan hancin nawa ne?"

Ka ce, "Na ma rage shi, Kaka, allon bai isa ba."

Tsohuwar ba ta tsalle, gwiwarta irin tawa ce. In tana son hawa sai ta harbi ƙasa, ƙarfin bindigar ya cilla ta sama. In gaba za ta, sai ta harba baya. Haka take hawan tudun nan namu, rufi zuwa rufi. Ka kuma kafa doka: duk matakin wasan da Kaka ta kasa wucewa da yatsunta masu sanyin ƙashi, cire shi za a yi. Guda goma sha ɗaya na sa ka zubar, ba ka taɓa ɗaure min fuska ba.

Na ƙarshen kuwa ya gagare ni. Rami ne mai faɗi, teku a ƙasa, harsashi uku kacal. Na ce maka mugunta ce. Ka ce, "Kaka, saurin harbi gare ki. Tsoro ke danna miki." Na ce ka kwashe abinka ka ba ni wuri. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a kan wasan, kuma tana ci na.

Bayan an binne ka, Yasna ta ce za ta fitar da wasan, tunda tare kuka yi shi, amma ban da matakin ƙarshen. Na ce, "Haba 'yata, aikin hannunsa na ƙarshe?" Ta ce, "Dokarsa ce, Kaka. Ba ni zan karya ta ba."

To, kwana taran da muka yi muna maka addu'a, kullum in na ajiye carbi sai in ɗauki abin dannawa. Na faɗa tekun nan ya fi sau ɗari biyu, Ximena shaida ce. A rana ta tara yatsana ya ƙage. Tsohuwa ta bar bakin rufi tana faɗuwa, ni kuma na kasa danna komai. Sai da gyalenta ya kusa taɓa ruwa yatsan ya saki, na harba harsashi ukun a jere. Wallahi ta tashi kamar an harba ta daga majajjawa. Ashe sai an bar ta ta faɗi tukuna. Ɗan banza, ka faɗa min, ni ce ban ji ba.

Da ta sauka a can sama, ƙofata ce. Shuɗin fentin, har inda ya ɓare. Kujerata, tebur, kofin shayi biyu suna tururi. Yasna da ke kallo a bayana ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Ba a cire komai ba, Baltasar. Na wuce maka shi.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya ba ka hutawa inda babu matakala. Yasna, Allah ya ba ki haƙuri. Mahaifiyarsa Doña Clorinda da 'yan'uwansa, Allah ya sanyaya zukatanku, kun haifi ɗa na gari.

Ximena, ajiye biron haka. Na gaji. Kofin nan na biyu, bar shi a inda yake.