Jan Rubutun da Edita Ta Ƙi Cirewa

"To ni ƙarya na ce ki rubuta? Kalma ɗaya ce fa tak, 'yar nan. Ki cire ta, mu rabu lafiya."

"Kawu, wannan kalmar ita ce shagon gaba ɗaya."

Kawun ya gyara zama, kujerar roba ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. Ƙanin mahaifiyarta ne, dillalin filaye, kuma hoton kamfaninsa ne ke shimfiɗe a saman shafin labaran da take gudanarwa a intanet. Kalmar da suke ja-in-ja a kanta kuwa ita ce TALLA, wadda take sawa da jan rubutu a kan duk abin da aka biya kuɗi aka buga.

Edita kowa ke ce mata, har mijinta idan yana neman tsokana. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana buga wa mutane takardu a shagon kwamfuta. Wasiƙar neman aiki, ƙorafin famfon da ya fashe, koken 'yan kasuwa a kan shara, duk ta yatsunta suke bi, daga nan su tafi wani ofis su kwanta a durowa. Wata rana ta ɗauki hoton wani rami da ya karya wa mai babur ƙafa, ta sa a wayarta da layi uku. Kafin sati ya zagayo an cike ramin. Daga nan ba ta sake waiwayar wasiƙun neman aiki ba.

Yanzu tana da ɗaki ɗaya a saman shagon mai gyaran waya: kwamfuta biyu, fanka mai gunaguni, da ɗan rahoto guda, Dogo, magidanci mai 'ya'ya huɗu da tsohon babur. Shi yake zagaya kasuwa da asibiti da kotu, ita take tacewa, ta kira wanda aka ambata ta ji ta bakinsa, sannan ta wallafa.

Kuɗin kuwa ɗigo-ɗigo yake shigowa. Kamfanin talla na intanet yana biya gwargwadon masu buɗe shafin, amma abin da yake turowa da ƙyar yake sayen data. Akwai sanarwa: wanda takardunsa suka ɓata, mai neman direba, mai buɗe sabon shago da yake so a zo a ɗauki bidiyo. Akwai masu karatu kamar sittin da ke turo ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata. Amma hayar ɗaki da albashin Dogo, daga tallan Kawu suke fita. Ta sani, Dogo ya sani, Kawu ya fi kowa sani.

Abin da ya kawo shi yau takarda ce mai shafi ɗaya a kan sababbin filayensa na bayan tsohuwar gada. Yana so ta fito a cikin labarai, kamar Dogo ne ya je ya gano. A tsakiyarta an rubuta cewa ruwa bai taɓa kwanciya a wurin ba.

"Kawu, damina biyu Dogo yana ɗauko mana hoton wurin nan. Har agwagi a ciki."

"An yi ciko!"

"To a rubuta an yi ciko, in sa jan rubutuna a sama, in buga maka yau ɗin nan. Rangwame ma zan yi maka."

"Wa zai saya idan ya ga talla? Mutane maganarki suke yarda da ita, ba tawa ba."

"Ka ga abin da kake son saye ke nan. Shi kuma ba ya cikin kayan sayarwa."

Kawu ya cire tabarau, ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. "Wa ya biya miki kuɗin koyon kwamfutar nan?"

"Kai ne, Allah ya saka da alheri. A nan aka koya mini yadda ake mayar da rubutu ja."

Dariya ta kusa ƙwace wa Dogo, ya mayar da ita tari, ya sunkuya yana goge kyamarar da ba ta da datti.

Ba taurin kai ne kawai ba. Edita ta san su waye za su sayi filayen: malamin makaranta da ya yi shekaru yana tarin kuɗi, mai ɗinki, matar da mijinta ya rasu ya bar mata ɗan abin hannu. Su ne masu tare ta a hanya su ce, "Mun gani a shafinki." Idan ruwa ya shiga ɗakinsu, ba ƙofar Kawu za su fara bugawa ba.

"Shi ke nan," in ji Kawu, ya miƙe yana karkaɗe riga. "Ki sauke hotona daga shafinki. Mu ga ko jan rubutu yana biyan haya."

"A gaida gida, Kawu. A kula da matakala, ta uku tana rawa."

Da ƙarar takalmansa ta ɓace, Dogo ya ajiye kyamara.

"Yaya, ni fa ban ce ba ki da gaskiya ba. Amma yarana gaskiya ba ta ƙosar da su."

"Na sani." Ba ta yi masa daɗin baki ba. "Ka ba ni zuwa ƙarshen wata. Idan ban haɗa naka ba, kwamfuta ɗaya za ta tafi kasuwa, ba kai ba."

Ta danna, hoton Kawu da murmushinsa suka ɓace. Saman shafin ya zama fari fat. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta fara ja masa layuka, ta yanka shi ƙananan akwatuna goma sha biyu.

"Wannan kuma fa?"

"Teloli, masu magani, mai walda, makarantar koyon tuƙi. Kowa ya ɗauki ɗaya, a kuɗin da ba zai sa shi zufa ba. Mutum ɗaya ya yi fushi, ga shi muna rawar ɗari. Goma sha biyu dai ba za su yi fushi rana ɗaya ba."

"Kin san 'yan kasuwar nan. Sai kin sha surutu kafin ki ga ko sisi."

"Surutu ai sana'armu ce."

Wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce. Ashe Kawu ko mota bai shiga ba ya kai ƙara.

"Inna, ina wuni. Eh, na sani. A'a, ban zage shi ba, har matakala na nuna masa. Ki bari da yamma in zo ki yi mini faɗan ina zaune a gabanki, ya fi shiga."

Ta kashe, ta tura wa Dogo sanarwar mai neman direba ya wallafa, ta ce ya wuce kotu kafin a tashi. Sannan ta buga takardar farashi guda ashirin, ta zura a jaka, ta gyara mayafi.

"Daga ina za ki fara?"

"Daga mai gyaran wayar ƙasa. Shekara uku yana shan intanet ɗinmu kyauta, yau zai san da zamanmu."

Ta sauka da sauri, jakar na dukan ƙugunta, tana ƙwala masa kira tun kafin ta kai ƙofa.