Kawu Sule Ya Sake Kiran Salla

Likita ya ɗaga hoton ƙirjin Kawu Sule, ya nuna mana wani farin dunƙule a tsakiya, tsakanin huhun dama da na hagu. Ya ce ƙari ne, shi ke danne hanyar numfashi da jijiyar murya.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ne ladanin masallacinmu a Fulatan. Tun damina muryarsa ta dushe, in ya kwanta rigingine numfashi ya gagara, dole ya bar kiran salla. Matarsa, Inna Hajara, kullum cewa take yi tsufa ne, ya haƙura ya huta.

Da likita ya gama bayani, sai na ga Kawu yana murmushi.

"Likita, wato dai ba tsufa ba ne?"

"A'a Baba, ƙari ne, kuma in sha Allahu zai ciru."

"To don Allah ɗaga murya ka maimaita, Hajara na bakin ƙofa."

Har likitan sai da ya yi dariya. Inna ta leƙo tana share hawaye, ta ce, "Na ji, Malam. Ka warke tukuna, sai mu ƙarasa musun a gida."

An yi aikin a Kano, aka gwada ƙarin, aka ce ba mai yaɗuwa ba ne. Jiya Kawu ya kira la'asar. Muryar ba ta gama buɗewa ba, amma sahu ya cika har waje.

Alhamdulillahi. Wa ke da dattijo irin Kawu, wanda ko a gaban likita shi ke kwantar wa da mutane hankali? Ku ba mu labarinsa.