Muryar Baba a Wayoyin Mutane

Kai, wallahi abin da yake burge ni ke nan! Waya biyu kawai, ba data, ba sabis, ka ajiye wannan kusa da wannan, sai abu ya tashi daga nan ya faɗa can. Babu wani babban ofis a tsakani da yake riƙe da kayan. Kowace waya ita ce mai bayarwa, ita ce mai karɓa. Ranar da na gane haka sai da na miƙe tsaye a gindin mangwaron ƙofar gidanmu a Taba, na rasa wanda zan gaya wa. Abokaina duk sun tafi ci-rani. Na gaya wa ƙanwata, ta ce, "To Malam Injiniya, ɗaga ƙafarka in share."

Ba wanda ya koya min. Latse-latse ne da karance-karance. Kuma da ba don muryar Baba ba, da ban zurfafa haka ba.

Baba mazarƙwaila yake yi. Doki ne ke zagayawa yana juya injin matse rake, shi kuma yana biye da shi yana masa faɗa kamar ɗansa. "Kai Alhaji, ka cinye min dusa, yanzu kuma kana tafiya kamar mai zuwa gaida surukai?" Wata rana na laɓe na ɗauki muryar. Na tura wa aboki ɗaya, shi ma ya tura wa wani ranar kasuwar Makarfi. Kafin a gama yankan rake an ji ta har Dandamisa. Baba ya ce na mai da shi abin dariya a gari, amma yana faɗa yana murmushi.

Da damina ya rasu.

Bayan arba'in na kai memorin wayata wani shagon masu tura fim, don a sa min darussan gyaran waya. Ashe kwamfutarsu akwai bairos, cutar nan mai lalata kayan ciki. Na dawo gida na tarar komai ya canza suna, ba abin da yake buɗewa. Muryar Baba ma ta tafi. Ban gaya wa Inna ba. Na ce a raina, ai abin da ya bi wayoyi ba ya mutuwa sai wayar ƙarshe ta goge shi. Zan samo.

Na fara da wurin caji a Kudan. Wani ya ce, "Tsoho da doki? Akwai, kawo wayarka." Ya turo. Muryar Baba ce, amma an yanke ta, an ɗora mata kiɗa da dariyar ƙarya a ƙasa. Na saurara sau ɗaya na goge. Ta biyu ma haka, har an ƙara gudu, Baba yana magana kamar ƙaramin yaro.

Ta uku ita ce ta raba ni da mutane. Wani maƙwabcinmu ya ce yana da ta asali. Sunan daidai ne, amma da na duba sai na ga ba murya ba ce, manhaja ce, tana neman in ba ta izinin karanta saƙonnina da lambobin mutanena. Na ƙi karɓa. To a wurinmu, mutum ya ce "karɓi" ka ƙi, kamar ya miƙo maka kwanon fura ne ka kau da kai.

"Wai ni zan cuce ka?"

"Ba kai ba, Yaya. Kai ma wani ne ya ba ka, shi ma wani ya ba shi. Ka san na farkon?"

"Ka ji shi! Ɗan bokon da bai yi boko ba."

Daga ranar ya rage gaisuwa. A majalisa in ana ture-ture sai a tsallake ni, wai mai tsoron waya. Nakan zauna a gefe da tawa a hannu, cike da abin da nake son bayyanawa, ba mai ji.

Wani mai sayar da rake ne ya ce min akwai wani dattijo makiyayi wajen Kurmin Kogi da yake kunna muryar Baba cikin shanu. Na hau mashin har Ikara, na ƙarasa. Na same shi da hantsi a bakin fadama. Na durƙusa muka gaisa, gida, gajiya, shanu, ruwa. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ciro wata ƙaramar waya mai madannai, ɗaure da roba. Bai miƙo ba.

"Samari da yawa sun ce in ba su memorin nan su kwafa. Ba na cirewa. Kai ɗan wa ne?"

"Ɗansa ne ni, Baffa."

"Kowa ma zai iya faɗa. Dokin, wace ƙafa yake ɗingisawa?"

"Ta baya, ta hagu. Kili ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. In na bi da shanu ta wurinsa, ganyen rake yake tara min." Ni kuwa sai murna ta kama ni, domin amsar tambayar nan ba ta cikin muryar. Wanda ya saurara kawai ba zai sani ba, sai wanda ya tsaya a wurin. Ai wannan ita ce kalmar sirri! Na so in yi masa bayani, na haɗiye.

Ya yarda ya turo min, amma wayarsa bulutut kawai take yi, kuma sai a kusa. Shanu kuwa ba sa jira. Haka muka jera muna tafiya kafaɗa da kafaɗa, wayoyin a haɗe a hannuna kamar ƙwai. Ana tsaka wata karsana ta nufi gonar mutane, ya fizge wayarsa ya bi ta da sanda. Turawar ta katse. Muka sake daga farko.

Na tambaye shi me ya sa ya ajiye muryar. Ya ce, "Daji shiru. In na kunna, sai in ji kamar akwai mutum."

Da ta gama shigowa na kai ta can ƙarshe, inda duk sauran suka yanke. Ga tarin Baba. Ga muryar Inna daga nesa tana cewa koko zai huce. Ga shi yana amsawa, "Bari Alhaji ya gama zagayen nan." Ita ce.

A gida na tarar da Inna tana tsince wake. Na ajiye wayar a kan tabarma na kunna. Hannunta ya tsaya. Da aka zo wurin kokon ta ce, "Kashe." Na kashe. Ta ci gaba da tsintar, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Kar ka sake kai ta shago."

Yanzu tana wayata, tana wayar ƙanwata, tana wani memori da na naɗe a leda na sa cikin kwallar Inna. Ta huɗu tana daji tare da shanu. Maƙwabcin nan har yau ɗaga hannu kawai yake min.

Kai fa mai karatu, muryar wa kake ajiye da ita, kuma a wayar wa ka yarda ta kwana? Don Allah ka ba ni labari, ina son in ji. A nan ba ni da wanda nake irin wannan hirar da shi.