Sunan da Aka Nema a Bakina

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Amma akwai wata takarda a ƙasan akwatina, cikin leda, cikin tsohon ɗankwali, wadda na san abin da ke cikinta kamar yadda na san hanyar ɗakina. Da yaren mutanen Maleshiya aka rubuta ta. Ga yadda ta zo hannuna.

Ɗana na fari gwamnati ta tura ƙaro karatu Kuala Lumpur, ya tafi da matarsa. Da cikinta ya tsufa sai ya aiko in je in yi mata wankan jego, don marainiya ce, uwarta ta rasu tun tana goye. Na same su a unguwar Cheras, bene hawa goma sha bakwai, inda in ka leƙa ƙasa mutane kamar kiyashi. Ban daɗe ba ta haifi mace. Ko suna ba a yi ba aka kulle gari saboda korona.

Ku da kuka tashi yanzu ba lalle ku san alkunyar ɗan fari ba. A gidanmu uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Shekara talatin da shida bakina bai taɓa furta sunan yaron nan ba. "Kai" nake ce masa. In ina zancensa in ce "wannan yaron".

Wata safiya na tare shi a kicin, mai jego tana barci.

Na ce, "Kai, wannan ruwan hita ba wanka ba ne. Wanka ba ganye ai jiƙa jiki ne kawai."

Ya ce, "Inna, an hana zuwa nesa. Kantin da ke ƙasa kaɗai aka yarda mutum ya je."

"Garin da ko'ina itatuwa, a ce babu darbejiya?"

Ya yi dariya, ya ce akwai wata a bakin hanya wajen tafkin Titiwangsa, amma da nisa, kuma 'yan sanda sun sa shinge.

Na ce, "To, a bari. Ni dai ganyen da na yi wankan haihuwarka da shi, tafiyar yini ubanka ya yi ya samo."

Maganar ke nan. Ba tsawa, ba rantsuwa. Ya ɗauki makullin mota, ya leƙa ɗaki ya ce wa matarsa zai sayo madara.

Sai rana ta uku ya dawo, hannunsa wayam, rigarsa na tsami. Ya ce an tare shi a hanya, ya kwana biyu a bayan kanta, an kai shi gaban alƙali, an ci shi tara, an sake shi. Matarsa tana kuka tana tambayar me ya kai shi nesa, ya ce ɓatan hanya ne. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Bayan kwana goma zazzaɓi ya kama shi. Ban ce can ya ɗauko ba, ban ce ba can ba, Allah ne masani. Wasu mutane suka zo sun rufe jikinsu da farare tun daga kai har ƙafa, suka sauka da shi. Da ya cika, ba mu wanke shi ba, ba mu raka shi ba. A waya aka nuna mana ƙasar da aka mayar a kansa, ja ce kamar ta garinmu.

Ba a yi arba'in ɗin rasuwarsa ba wani hoto ya fara yawo a wayoyin mutanen gida: maza a jere a tsugune, an haɗa su da ankwa, shi ne na uku. Ƙanin ubansa ya kira ni daga Kano.

Ya ce, "Hajiya, in an buɗe hanya ku dawo shiru, a rufa asiri. Wasu na cewa damfarar waya ce, wasu na cewa ƙwaya. Wanda aka sa wa ankwa a ƙasar mutane ai ba tallan goro ya je ba."

Matar yaron tana ji. Ta dubi jaririyar da ke cinyarta ta ce, "Inna, da wannan za ta tashi? 'Yar ɓarawo?"

Muna da maƙwabciya, matar wani malamin jami'a, Maman 'yan biyu muke ce mata. Ta daɗe a garin, bakinta ya kama yarensu. Ita ta ce, "Duk wanda aka kai gaban alƙali a ƙasar nan sai an rubuta. Mutum yana mutuwa, takarda ba ta mutuwa. A je a nemo." Matar yaron tana takaba, ba fita. Saura ni. Ni kuwa na san abin da za a tarar a takardar nan, shi ya sa ƙafata ta yi nauyi.

Da aka sassauta kulle muka fita mu biyu, kowa da takunkumi. Jirgin ƙasa fayau, an yi wa rabin kujerun alamar kar a zauna, kamar an keɓe su don waɗanda ba a gani. Ofishin 'yan sanda muka fara zuwa. Suka karɓe mu da mutunci, suka ce magana ta riga ta wuce hannunsu, mu je kotu.

A kotu akwai taga mai gilashi, bayanta wata akawu, yarinya da lulluɓinta. Maman 'yan biyu ta cika fom, ta miƙa tare da takardar mutuwa. Yarinyar ta ce tunda mai nema ba ta karatu, sai ta faɗa da bakinta wanda take nema da abin da yake a wurinta, sannan ta dangwala yatsa.

Maman 'yan biyu ta juyo ta ce, "Hajiya, cewa ta yi ki faɗi sunan ɗanki."

Na ce, "Ba ga shi nan kin rubuta ba?"

"A bakinki take so."

"Ki ce mata ɗan fari ne."

Ta yi mata bayani, ta sake yi. Yarinyar tana kallona ta saman tabarau, ina ganin abin da take tunani: wace uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba? Na buɗe baki a bayan takunkumi, harshena ya zama dutse. Mutane suna layi a bayanmu, kowa a kan zanen da aka yi masa a ƙasa. Can ta turo fom ɗin a hankali ta ce mu dawo in na shirya.

A hanya Maman 'yan biyu ta ce, "Haba Hajiya! Alkunya har da wanda ke kabari? Su 'yan unguwarku da ke yaga sunansa a bakin famfo, sun ji kunya?"



Kwanakin nan gidan bai bar ni na huta ba. Da la'asar, lokacin da yakan dawo daga makaranta, sai in ji kamar makulli yana juyawa a ƙofa, in gyara ɗankwali, shiru. In na shiga banɗaki in ji ɗacin darbejiya a hancina, alhali ko ganye ɗaya bai shigo gidan ba. Na taɓa sakin famfo don kar a ji ni, na gwada sunan. Ruwa ya cika bokiti ya zube, ban faɗa ba.

Ranar Litinin muka koma. Yarinyar ta gane ni. Na kama bakin tagar da hannu biyu, na faɗa. Ta nuna kunnenta, wai takunkumi da gilashi sun tare. Na ɗaga murya na sake faɗa, da sunan ubansa, kamar yadda liman ya raɗa masa. Zauren nan babba ne, duk tayil, sai sunan ya je bango ya dawo mini. Wallahi tsayawa na yi ina jira ya amsa. Maman 'yan biyu ce ta kama babban yatsana ta kai kan tawada.

Bayan mako aka ba mu takardar, shafi biyu da hatimi. Maman 'yan biyu ta tsaya daga bakin ƙofarmu tana karantawa tana juyawa da Hausa, matar yaron tana zaune da goyo. Laifinsa: ya wuce iyakar da aka yarda a je lokacin kulle. Ya amsa. Abin da aka samu a motarsa: leda guda cike da ganye. Da aka ce ko yana da roƙo, ya ce matarsa ta haihu, kuma mahaifiyarsa tsohuwa tana jiransa a gida.

Matar ta ce, "Ganye? Madara ya ce mini."

Duk macen da ta taɓa jego ta san namiji ba ya fita neman ganye sai tsohuwa ta aike shi. Amma ban bari ta gano da kanta ba.

Na ce, "Ni na aike shi, 'yar nan. Ya ce mini da nisa, na yi masa gori da ubansa."

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta tura ƙofa.

Na ce wa Maman 'yan biyu ta ɗauki hoton takardar ta tura wa ƙanin ubansa, sannan ta danna mini inda ake magana. Na ce, "Ku saurara, ni ce uwarsa." Na kama sunansa karo na uku. Na ce bai saci na kowa ba, darbejiya ya je yankowa, ga hatimin alƙali, kuma ni na tura shi. Wanda yake da magana ya kawo ta ƙofata. Na ji an ce saƙon ya zaga unguwa kafin magariba. Wasu sun yi shiru don takarda, wasu don sun ji abin da ba a taɓa ji a bakina ba.

Kwana huɗu matar ba ta ce mini uffan ba. Abinci dai tana ajiye mini. A na biyar ta fito ta ɗora mini jaririyar a cinya ta ce, "Ki riƙe ta, zan yi salla." Har yau ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Da muka dawo gida ta ce takardar ta zauna a wurina har yarinyar ta iya karatu.

Akwai darbejiya a ƙofar gidanmu, ba na zama ƙarƙashinta. Jikar tawa kuwa can take wasa. Wani lokaci ta shigo da ganye a hannu ta ce, "Kaka, yaya sunan Abbana?" Ta sani, so take ta ji a bakina. Sai in faɗa mata, in ɗan saurara.