Alkawarin da Na Yi wa Yaya Rifkatu

Shekara talatin da shida ke nan da rasuwar Yaya Rifkatu, kuma har yau in na zo wucewa ta gindin dogonyaron da ke bayan majami'armu a Birnin Kebbi, sai na sunkuyar da kai.

Ba uwarmu ɗaya ba, zumuntar mata ce ta haɗa mu. Lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, majami'ar kuwa ɗaki ɗaya ne na laka. Dukkanmu baƙi ne: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa daga kudu. Duk wanda ya rasu, sai a sa shi a mota a kai shi garinsu. An ce baƙo raɓa ne, amma Yaya ba ta yarda mu zama raɓa ba. Ita ke kaɗa mana tulu in ana waƙa. Ita ke shiga motar kasuwa zuwa Argungu duk Lahadin ƙarshen wata, don kada 'yan'uwa ƙalilan da ke can su yi sujada su kaɗai. Ga faɗa. In ka makara, hararta ɗaya ta ishe ka wa'azi.

Ita ta dasa bishiyar nan. Da ciwo ya kwantar da ita, ta kama hannuna ta ce, "Saratu, jama'ad da ba ta da kabari wuri, baƙuwa ta. Gindin iccen nan nika son a bizne ni. Yi mani alkawali."

Na ce, "To, Yaya."

Ranar da ta cika, ƙannenta suka iso daga ƙauye da a-kori-kura. Ni kaɗai na ji wasiyyar. Na dubi idanunsu jajur, sai na ji nauyin in gaya wa dangi inda za su kwantar da 'yar'uwarsu. Na yi shiru. Da hannuna na lulluɓe ta da zanen zumunta, ina kallo motar ta sha kwana. Alkawari kaya ne, ni kuwa ban sauke nawa ba.

Da Yaya za ta leƙo majami'ar yau, na san da faɗa za ta fara, don lasifika ta danne tulu. Amma in aka kai ta maƙabartarmu a bayan gari, ta ga sunayen waɗanda muka yi waƙa tare, za ta ce yanzu kam mun zama 'yan gari. 'Yan'uwan Argungu ma sun cika ɗaki har waje. Abin da ta so ya tabbata, ita ce kawai babu a ciki, kuma laifina ne.

Bara na kira 'yata Hannatu, na kama hannunta, na ce a garin nan nake so a sa ni, kada kowa ya kawo mota. Ta ce, "To, Mama."

Na san wannan muryar, da ita na amsa wa Yaya.